Nasiha ga Samari da 'Yan Matan Sabo Game da Maganin Rage Ƙiba

 Wani ciniki ya shigo unguwar nan tamu ta Sabon Ibadan a 'yan shekarun nan, wanda kakanninku da suka yi fataucin goro da shanu ba su san shi ba, kuma da an ba su labarinsa da sun yi dariya har sun riƙe ciki, watau cinikin maganin rage ƙiba. Ana sayar da shi a kwalba, ana sayar da shi a ƙunshin ganyen shayi, ana sayar da shi gari ko ƙwaya. Mai mota da lasifika yana shelarsa a wajen Mokola, mai shago ya jera shi kusa da zuma da man zaitun, amma mafi yawansa ta wayoyin da ke hannunku yake iso muku, inda wata baiwar Allah da ba ku san gidansu ba za ta nuna muku hotuna biyu, ɗaya da tumbi ɗaya babu, ta rantse cewa mako biyu ne tsakaninsu. Ba a daɗe ba, kuma har yau ba a daina ba, 'yan mata suke haɗiyar ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki kafin biki. Yanzu ga shi an juyo ana neman rama, kuma ko wace fuska sha'awar mutane ta nufa, ɗan kasuwa ya riga su isa can ya shimfiɗa tabarma.

Kada ku zaci na ɗauki alƙalami ne domin in wulaƙanta maganin itatuwa, ko in ce damuwa da teɓa shirme ne. Ƙibar da ta wuce kima tana jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma duk wanda ya zauna cikin 'yan canjin Sabo, waɗanda sana'arsu ta hukunta musu zama a kan benci tun hantsi har isha'i, ya san ba labarin nesa nake bayarwa ba. Itatuwa kuwa ni'ima ce daga Ubangiji: daga ɓawon itace aka samo kwinin, daga wani ɗan'uwan tazargade aka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro wanda ake sha yau a duk faɗin Afirka, har aka ba Basiniyar da ta gano shi, Tu Youyou, lambar Nobel a 2015, kuma mai shiga kasuwar Bode ya ga tulin saiwoyi da sassaƙe da matan Yarabawa suke sayarwa, zai san akwai ilmin da aka gada kaka da kakanni. Abin da nake nema gare ku shi ne ku san yadda ake auna magani kafin a haɗiye shi, domin abin da ya riga ya wuce maƙogwaro ba a mayar wa mai shago.

Ma'aunin kuwa ba baƙo ba ne a gare ku, a kansa aka gina unguwar da aka haife ku. Tun da aka keɓe wa Hausawa Sabo a shekarar 1916, arzikinta bai tsayu a kan takarda ko kotu ba, ya tsayu ne a kan lamuni, har wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna cikin mutanen Sabo a 1962 da 1963, ya wallafa littafi guda a 1969 yana bayanin wannan tsari. Falke ya koro shanunsa daga Arewa, ya sauka gidan maigidansa. Dillalan maigida su sayar wa mahautan Yarabawa bashi, ba rubutu ba hatimi. Idan mahauci ya kasa biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, saboda haka dillali ba ya sakin igiyar sa sai ya san gidan mai saye, da rumfarsa, da yawan bashin da ke kansa, da yadda ya yi da wanda ya lamunce masa bara. To, idan kakanninku ba su yarda su saki dabba ɗaya ga wanda ba shi da mai tsaya masa ba, alhali asarar dabba dukiya ce da ake mayarwa, ina dalilin da jikokinsu za su miƙa hanta da ƙoda ga kwalbar da ba wanda ya tsaya mata?

Saboda haka tambaya ta farko ita ce, wa ya haɗa shi, kuma a ina za a same shi idan abu ya ɓaci. Malaman hadisi, Allah ya saka musu, ba su karɓar ruwaya daga wanda suke kira majhuli, watau mutumin da ba a san ko wane ne ba, kome daɗin maganar da ya zo da ita. Kuma Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurati, ya umurce mu da yin bincike a kan labari kafin mu yi aiki da shi. Ku juya kwalbar ku duba: akwai sunan masana'anta da adireshin da ƙafa za ta iya takawa ta je, ko kuwa lambar waya ce kaɗai? An lissafa itatuwan da ke ciki da gwargwadon kowanne, ko an ce sirrin gida ne? Akwai ranar haɗawa da ranar lalacewa da lambar rukuni? Sa'an nan ku nemi lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, wadda marigayiya Dora Akunyili ta fito da martabarta tsakanin 2001 da 2008, ita da ta rasa 'yar'uwarta saboda jabun allurar ciwon sukari. Amma a nan akwai wani abu da mai talla ba zai gaya muku ba, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Galibin magungunan gargajiya da ke ɗauke da lambar hukumar, za ku ga lambar ta ƙare da harafin L, abin da wannan ke nufi kuwa shi ne an duba su ta fuskar guba da ƙazanta an ba su izni na shekara biyu, ba a shaida cewa suna yin aikin da aka ce suna yi ba. Har ma doka ta wajabta a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance da'awar mai maganin ba, sai dai akan rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe inda ido ba ya saurin kaiwa. Ita lambar ma ana ƙirƙirar ta ƙarya, don haka sai a duba ta a kundin hukumar da ke intanet, a ga ko sunan da ta fito da shi ya dace da na kwalbar.

Hujjar da aka fi yaudarar mutane da ita ita ce a ce, ai na itatuwa ne zalla, ba shi da illa. Ban san yadda wannan magana ta sami shiga kunnen Bahaushe ba, shi da ya san zaƙami yana haukatarwa, ya san ruwan tunfafiya da na tinya ba a wasa da su kusa da ido, ya san gwaska da ake ba wanda ake tuhuma a zamanin jahiliyya ita ma itace ce. Ku saurari abin da ya faru a ƙasar Beljiyam, inda ba a rasa likitoci ba, ba a rasa dokoki ba. A wani asibitin rage ƙiba da ke birnin Burasels, daga 1990 zuwa 1992, an riƙa ba mata wani haɗi wanda aka sa masa saiwoyin da aka sayo daga ƙasar Sin. Ashe wajen saye an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, wadda masana ke kira Aristolochia, kuma a cikinta akwai gubar da ke ƙone ƙoda sannu a hankali ba tare da mai sha ya ji zafi ba. Likitoci suka fara bayyana al'amarin a 1993, bayan da suka ga mata masu ƙuruciya suna ta zuwa musu da ƙodar da ta mutu. Daga baya adadinsu ya haura 100, da yawa sai da aka riƙa yi musu wankin ƙoda ko aka yi musu dashe, kuma aka zo aka tarar da ciwon daji a hanyar fitsarin wasu daga cikinsu. Ba wanda ya yi nufin kisa a cikin wannan ƙissa, kuskure ne na mai sayen saiwa. Ku sani kuma dangin wannan tsiro suna fitowa a ƙasarmu, duman dutse na cikinsu, kuma idan an daka saiwa ta zama gari, ko gwanin masu magani ba ya iya rantsuwa a kan asalinta.

Wancan kuskure ne, amma akwai wanda ya fi shi muni, shi ne algus da gangan. Mai haɗa maganin ya san ganyensa ba zai rage ko awo ɗaya ba, ya kuma san mai saye ba zai dawo ba sai ya ga canji, sai ya nemo ƙwayar asibiti ya niƙa ya zuba a ciki ya yi shiru. Wadda aka fi kamawa a irin waɗannan kayayyaki ita ce sibutramin, ƙwaya mai kashe sha'awar abinci, wadda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010, bayan wani gwaji a kan mutum kimanin 10,000 ya nuna tana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu larurar zuciya. Likita ya daina rubuta ta, sai ta koma ɓuya cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka yi wa zanen ganye a kwali, kuma hukumomin magunguna na ƙasashe dabam-dabam sun yi ta kama ta a ciki shekara da shekaru. Saboda haka idan kun sha wani abu da aka ce ganye ne, sai kuka ji zuciya tana dukan uku-uku, baki ya bushe, barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga rai gaba ɗaya, kada ku ce maganin ya karɓe ku. Ku ce akwai abin da ba a gaya muku ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya yi wa mai hatsin gargaɗi mai tsanani a kan ha'inci, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito. Ina ga wanda ya ɓoye abin da zai iya tsayar da zuciyar mutum?

Mafi yawan shayin rage tumbi, in an bincika, filasko ne ginshiƙinsa, tare da wasu ganyaye masu sa yawan fitsari. Filasko magani ne na gaskiya, sananne a littattafan ɗibbu, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kansa cikin abubuwan da ya rubuta na ilmin magani. Amma aikinsa wanke ciki ne ga wanda cikinsa ya ɗaure, na kwana ɗaya ko biyu, ba abin sha safe da yamma wata da watanni ba. Hikimar da ya kamata ku riƙe ita ce, abinci yana shiga jini ne tun a ƙaramin hanji, shi kuwa filasko a babban hanji yake aiki, bayan jiki ya riga ya kwashe abin da zai kwasa. Don haka abin da yake fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ke dogara da shi. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, gari ya waye ya hau sikeli ya ga kilo biyu sun tafi, ya yi hamdala, ya sha ruwa kwana biyu su dawo, kitse kuwa yana nan inda yake. Ga lissafi wanda ɗan canji zai gama shi kafin ya ajiye kofin shayi: kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700, baligi kuma yana ƙona tsakanin 2,000 da 2,500 a yini, don haka ko da zai yi mako cur bai sa kome a bakinsa ba, abin da zai ƙona bai wuce 17,500 ba, watau kilo biyu da 'yan kai. Wanda ya yi muku alkawarin kilo 5 na kitse a mako, kuma ya ce ku ci abin da kuka ga dama, ya yi alkawarin abin da ko yunwa ba ta iya cikawa.

Za ku ce mini, to ai mun ga wadda ta sha kuma ta rame. Na yarda kun gani, amma ba ku ga waɗanda suka sha ba su rame ba, domin ba a ɗaukar hotonsu. Kuma ita wadda ta rame, tun ranar da ta kashe kuɗinta a kan maganin ta rage tuwon dare ta bar lemon kwalba, sai aka ba ganye ladan da haƙurinta ya jawo. Magabatanmu sun san wannan tarko. Abubakar ar-Razi, babban likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen 925, ya taɓa raba marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya kashi biyu, ya yi wa kashi ɗaya magani ya bar ɗayan da gangan, domin ya san ko maganin ne ya yi aiki. Ibnu Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya gindaya sharuɗɗan gwada magani, daga ciki har da cewa sai an ga amfaninsa yana maimaituwa a kan mutane da yawa, in ba haka ba to dace ne kawai. Wannan hanya ce likitocin zamani suka faɗaɗa, kuma da ita aka auna wasu daga cikin ganyayen da ake yi muku talla. Akwai wani ɗan itace na ƙasar Indiya da ake kira Garcinia cambogia, ɗan'uwan namijin goron da kuke gani a faifan masu goro, wanda aka cika duniya da shelarsa. A 1998 aka gwada shi a birnin New York a kan mutum 135 har mako 12, aka ba rabi maganin, aka ba rabi ƙwayar da ba kome a cikinta, aka sa dukkansu rage abinci. Da aka zo awo, masu shan maganin ba su fi masu shan holoƙo ramewa ba. A 2020 kuma masana na Jami'ar Sidni a ƙasar Ostareliya suka tattara gwaje-gwaje 54 da aka yi a kan magungunan itatuwa na rage ƙiba, suka tarar ba wanda za a iya yi wa shaidar cewa yana rage nauyin da zai amfani lafiya.

Akwai wata kafa da nake jin nauyin taɓawa, amma amana ta hana ni tsallake ta, ita ce lulluɓe ciniki da rigar addini. Hadisin habbatus-sauda ingantacce ne, zuma kuwa Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta, ba mai musun wannan. Sai dai ingancin hadisi bai zama shaida ga kwalbar da wani ya cika a bayan shagonsa ba, kuma rubutun Larabci a jikin kwali ba isnadi ba ne. Mai tsoron Allah na gaskiya cikin masu wannan sana'a, kuma akwai su, za ku gane shi da cewa yana faɗin abin da ya zuba, yana faɗin wanda bai kamata ya sha ba, yana kuma iya cewa wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti. Wanda maganinsa guda yake warkar da teɓa da basur da sanyi da rashin haihuwa da sammu, ku yi masa sallama ku wuce.

Abin da aka tabbatar yana aiki ba shi da kwalba, shi ya sa ba mai shelarsa. A wani babban gwaji da aka bayyana a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka sa su neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da yin tafiya ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne a kwana biyar, kuma Allah ya hore muku gari mai tuddai: wanda ya saba takawa daga Sabo zuwa Dugbe maimakon hawa babur, ko ya zagaya filin wasa na Adamasingba bayan sallar asuba, ya sami rabonsa. Ba tsiren Sabo ne babban mai laifi ba, ko da yake shi ake fara zargi; ku dubi sukari da madarar da mai shayi yake kwararawa, da lemon kwalba a kan kowane abinci, da malmalar tuwo ko amala da ake ci ƙarfe goma sha ɗaya na dare a kwanta a kai. Sunna ta riga ta koyar da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne ragin da jiki yake ɗauka lafiya, kuma ma'auni mai sauƙi shi ne igiya: kewayen cikin mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Wanda ƙibarsa ta kai matsayin cuta, akwai magungunan asibiti da aka gwada a kan dubban mutane, amma likita ne yake rubuta su ya kuma bi sawunsu.

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda, da wanda yake kan wani magani na kullum, waɗannan kada su kusanci kayan rage ƙiba ko da an ba su kyauta; kuma ina roƙon angwaye da uwayen miji su daina yi wa mai jego gorin tumbi, domin gorin nan ne yake tura ta ga mai kwalba alhali jaririnta yana shan abin da ta sha. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba da niyyarsa ba, kada ya yi murna, ya je a auna shi, domin ciwon sukari da tarin fuka sukan fara sallama da rama. Idan kuwa ɗayanku ya riga ya fara sha, sa'an nan ya ga idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, ko ƙafafunsa sun kumbura, to ya dakata nan take, ya tafi babban asibitin koyarwa na UCH ko na Adeoyo, ya nemi a duba masa hanta da ƙoda. Kada kunya ta sa ya ɓoye wa likita abin da ya sha, kada kuma ya jefar da kwalbar. Ya tafi da ita da kwalinta da ragowar abin da ke ciki, domin da su ne likita zai san abin da yake yaƙi da shi, kuma da lambar rukunin da ke jiki ne ofishin NAFDAC na nan Ibadan zai iya bin sawun sauran kwalaben da aka haɗa tare da ita.